Hoton Aiki a Kano: Yadda Ta Kaya Tsakanina da Masu Hoto Uku

A tsakiyar hunturun da ya gabata ne masu shirya wani taron ƙara wa juna sani a Abuja suka aiko mini da saƙo cewa suna buƙatar taƙaitaccen tarihina da hotona guda ɗaya, domin su sanya a ɗan littafin da za a raba wa mahalarta. Tarihin bai ɗauke ni minti ashirin ba, amma hoton sai da ya ci mini kusan mako uku. Na buɗe wayata na yi ta lalube, sai na tarar duk abin da nake da shi bai wuce hotunan ɗaurin aure da na suna da na Sallah ba, kuma a kowannensu ko dai kafaɗar wani ta shigo, ko kuma an kama ni ina tsakiyar magana baki buɗe. Na yanko fuskata daga ɗaya daga cikinsu na tura, washegari sakatariyar taron ta dawo mini da shi cikin ladabi, ta ce idan aka buga shi a takarda zai fito dishi-dishi. Ana cikin haka sai shugaban ofishinmu, wanda ƙaramin kamfanin binciken lissafin kuɗi ne mai ma'aikata bakwai, ya yanke shawarar a sanya hoton kowa a shafin kamfanin na intanet, ya kuma ɗora mini alhakin nemo mai hoto, tunda dama ni ne mai nema.

Masu hoto ba su yi ƙaranci a Kano ba. Duk wanda ya bi ta Sabon Gari ko Fage, ko ya ratsa Titin Gidan Zu inda 'yan fim suka daɗe da kafa ofisoshinsu, zai ga allunan situdiyo birjik, kuma wanda ya leƙa Instagram zai ga ninkinsu. Sai dai galibinsu da abu biyu suke cin abinci, wato hoton biki da hoton fasfo, alhali abin da nake nema wani abu ne daban: hoton da ya tsaya daga ƙirji zuwa sama, wanda babu ado a bayansa, wanda mutumin da bai taɓa ganinka ba zai kalla ya ji cewa zai iya damƙa maka littattafan kuɗin kamfaninsa. Ban san cewa wannan sana'a ce mai zaman kanta ba sai da na zubar da kuɗina a wurare biyu.

Wuri na farko shagon mai hoton fasfo ne da ke kusa da ofishinmu, kuma ba ni da wani ƙorafi a kansa, domin abin da ya iya shi ya yi mini. Ya zaunar da ni a kan benci gaban farin ƙyalle, ya matso har ina jin ƙamshin turarensa, ya haska mini filasha a fuska, cikin minti goma ya miƙo mini guda takwas a ambulan. Mutumin ya san ƙa'idojin aikinsa sarai: ya san bizar Amurka tana buƙatar hoto mai inci 2 a tsaye da inci 2 a kwance, ya san tun 2016 suka daina karɓar hoton da aka sa tabarau, ya kuma san na ƙasashen Turai milimita 35 ne da 45. Amma hoton da aka yi domin jami'in shige da fice ya tantance fuska ba shi ne wanda za a yi wa mutum gabatarwa da shi ba. Goshina ya fito yana ƙyalli kamar an shafa masa man gyaɗa, inuwar kunnuwana ta kwanta a jikin ƙyallen, idanuna kuma suka yi zuru-zuru irin na wanda aka kama da kayan sata.

Na biyu shi ne ya fi ɓata mini rai, domin shi ne ya fi tsada a cikin biyun, kuma shi ne na fi sa wa rai. Matashi ne da ya yi suna a hoton biki, shafinsa cike yake da amare da angwaye, kuma gaskiya aikinsa yana ɗaukar ido. Da na isa situdiyonsa sai na tarar da kujerar sarauta mai ruwan zinare, da furannin roba, da labule mai ƙyalƙyali, sai da muka ɗan yi ja-in-ja kafin ya yarda ya janye kujerar ya kawo mini wata mara ado. Ɗaukar ba ta yi muni ba. Inda gizo ya yi saƙar shi ne wajen gyara a kwamfuta. Bayan kwana biyu ya turo mini hoton wani mutum da ke sanye da kaftanina da hulata, amma fatarsa ta fi tawa haske nesa ba kusa ba, fuskarsa sumul kamar ta jariri, furfurar da ke gemuna ta ɓace, haka kuma tabon da ke kuncina na hagu, wanda na samu tun ina firamare lokacin da na faɗo daga keke a unguwarmu, an share shi tas. A ƙasan kafaɗa kuma ga tambarin situdiyon an manna da manyan haruffa. Na nuna wa uwargida, ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaye ni ko ina da wani ƙane ne da ban taɓa gaya mata ba.

Da na kira shi na ce ya mayar mini da fuskata yadda Allah ya yi ta, sai ya ce, "Yallaɓai, ai haka mutane suke so, idan ban yi ba cewa za su yi ban iya aiki ba." Na yarda gaskiya ya faɗa game da kasuwarsa, domin wanda ya kashe kuɗin biki yana son ya ga kansa fiye da yadda yake. Sai dai hoton aiki amfaninsa ɗaya ne, shi ne ya yi kama da mutumin da zai turo ƙofa ya shigo ɗakin taro, kuma akantan da ya fara hulɗa da abokin ciniki da hoton da aka yi wa kwaskwarima har ya rage masa shekara goma sha biyar, ban ga da wane baki zai gaya wa wani cewa alƙalumansa ba su yi daidai ba. Ya sake gyarawa sau ɗaya, ya ɗan rage hasken, amma hannunsa ya riga ya saba, sai na haƙura na bar masa kuɗin.

Na uku, wanda shi ne dalilin wannan rubutu, ta hanyar wani abokina mai zanen gine-gine na same shi. Na ga hotonsa a LinkedIn, shafin intanet da ma'aikata suke gabatar da kansu a ciki, na ga shi ɗin ne sak, har da ɗan karkacewar da yake yi wa hularsa, sai na tambaye shi wanda ya ɗauka. Situdiyon yana saman wani bene a wani layi da ya ɓalle daga Titin Gidan Zu, ba shi da nisa sosai da rukunin shagunan Ado Bayero. Babu wani babban allo, matakalar ƙunci gare ta, kuma wurin ajiye mota kusan babu, don haka wanda zai je gara ya hau adaidaita sahu ya huta da neman inda zai raɓa motarsa. Abin da ya fara jan hankalina ya faru ne tun kafin na taka matakalar. Da na buga masa waya bai fara da maganar kuɗi ba, sai ya jero mini tambayoyi: a ina za a yi amfani da hoton, za a buga shi a takarda ne ko a intanet kawai zai tsaya, ina sa tabarau kullum ko sai zan yi karatu, da manyan kaya nake zuwa aiki ko da kwat, kuma mutum nawa ne za mu zo. Daga nan ya ba ni shawarwarin da ban taɓa jin wani mai hoto ya bayar ba. Ya ce kada na yi aski a ranar, na yi shi kwana biyu kafin nan domin gefen kai ya daina ɗaukar ido. Ya ce na guji farar shadda mai sheƙi da yadi mai ƙananan layuka, na zo da hula biyu, kuma tunda hunturu ne na shafa mai daidai misali, na kula da leɓɓana kada su tsage.

Ɗakin bai fi girman falon gidan haya ba, an shafe bangonsa da fenti mai ruwan toka, an rufe tagogi da baƙin labule, kuma abin da ya fara yi da muka shiga shi ne kashe ƙwan lantarkin da ke rufi. Ya ce hasken ƙwan ofis da hasken fitilarsa launinsu ba ɗaya ba ne, idan suka haɗu a fuska sai rabi ta yi kore-kore. Fitilu biyu ya yi amfani da su. Babbar tana cikin wani akwati mai faɗi da aka lulluɓe bakinsa da farin ƙyalle, ya ajiye ta a gefen damana, ta ɗan ɗara kaina tsawo, tana kallon ƙasa. Ƙaramar kuma ya kai ta bayana domin ta zana siririn haske a gefen hula da kafaɗa, kada duhun hular ya narke cikin bango. Sannan ya ɗora mini wani farin faifai a kan cinya, ya ce na riƙe, domin ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa da cikin kwarmin ido. Kyamarar tana haɗe da kwamfuta ta waya, duk hoton da ya ɗauka nan take yake fitowa a babban allo, ina gani yana gani.

Na lura ya ja da baya kamar taku uku kafin ya fara ɗauka, saɓanin mai fasfo da ya kusa hawa cinyata, sai na tambaye shi dalili. Ya ce gilashin da ke bakin kyamararsa mai milimita 85 ne, wanda yake ba shi damar cika hoton da fuska daga nesa, alhali babbar kyamarar yawancin wayoyi daidai take da milimita 24 zuwa 26, dole sai an kawo ta kusa. Idan kyamara ta matso, abin da ya fi kusa da ita, wato hanci, sai ya yi girma, kunnuwa kuma su noƙe baya. Bai tsaya a baki ba, ya karɓi wayata ya ɗauke ni daga tsawon hannu ɗaya, ya jera shi da nasa a allo. Na ga mutum biyu, ɗaya hancinsa ya cika fuska, ɗayan kuma shi ne wanda nake gani a madubi kullum da safe.

Inda na fi jinjina masa shi ne yadda ya fahimci baƙar fata, kuma a nan ne nake ganin ya kamata duk mai neman mai hoto a Kano ya fi sa ido. Na yi taurin kai na zo da farin kaftani a matsayin kaya na biyu, domin shi na fi sakewa a ciki. Bai yi musu ba, ya ɗauka yadda kyamarar ta zaɓa wa kanta ya nuna mini: kaftanin ya fito da kyau har ana ganin zaren aikin wuya, amma fuskata ta dusashe, idanu ne kawai da haƙora. Ya bayyana mini cewa ma'aunin hasken kyamara kullum ƙoƙarinsa shi ne ya mayar da abin da ya gani tsaka-tsaki, to idan farin yadi ya mamaye hoto sai ya rage haske gaba ɗaya, fuskar ce take biyan bashin. Matsalar ma ta girmi kyamarorin zamani, domin a shekarun 1950 kamfanin Kodak ya riƙa raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton farar mace su daidaita launi da shi, kuma sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa da baƙar fata. Masu hoto da yawa maganin da suke yi shi ne su bar ɗaukar ta lalace, sannan su je kwamfuta su ɗauraye fuskar har ta koma launin da ba nata ba, wanda ina zargin abin da ya faru da ni ke nan a wuri na biyu. Shi kuwa wannan sai ya auna hasken a kan kuncina, ya matso da babbar fitilar kusa, ya sa yaronsa ya tare ƙasanta da wani baƙin kwali domin hasken da ke sauka a kan kaftanin ya ragu. Fuska ta fito da ainihin launinta, ana ganin ƙofofin gashi, yadin kuma bai ƙone ba. Duk da haka da muka jera hotunan, na kaftani mai ruwan bula ya fi kyau, kamar yadda ya faɗa tun a waya.

Ni mutum ne da ke sandarewa da zarar an nuna mini kyamara, kuma bai taɓa ce mini na yi murmushi ba. Ya sa na juya ƙirjina kaɗan wajen fitila, na dawo da fuska gare shi, sannan ya ce, "Malam, ɗan miƙo goshi gaba kamar kunkuru zai leƙo, sai ka sauke haɓa kaɗan." Na ji kamar na zama abin dariya, amma a allo sai na ga naman da ke taruwa ƙarƙashin haɓata ya ɓace ba tare da an taɓa kwamfuta ba. Da hasken fitila ya faɗa cikin tabarauna, bai ce na cire ba, tunda kowa da shi ya san ni, sai ya ɗaga hannuwan tabaraun kaɗan daga bayan kunne, gilashin ya sunkuya, ƙyallin ya tafi. Ya tsaya ya gyara mini karin hula sau biyu bayan ya nemi izini. Daga nan sai ya shiga yi mini tambayoyi kan haraji, wai shi mai ƙaramin situdiyo me ake binsa, kuma yayin da na duƙufa ina ba shi amsa yana ta dannawa. Hoton da na zaɓa daga ƙarshe an ɗauke shi ne a daidai lokacin da na gama wata jimla ina jiran ya ce ya gane.

A tsakiyar wannan aiki aka ɗauke wuta, kuma a nan aibin wurin na farko ya bayyana. Ba su da sola ko batirin ajiya, janareto ne a ƙasan bene, kuma sai da yaron ya sauka ya yi ta fama da shi fiye da kwata na awa kafin ya tashi. Da yake tagogi a rufe suke, ɗakin ya ɗauki zafi duk da hunturu ne, har sai da aka ba ni tsumma na goge gumi kafin mu ci gaba. Na yi tunanin yadda wurin zai kasance a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano yake haura digiri 40, kuma shawarata ga duk wanda zai je a bazara ita ce ya nemi layin farko da safe.

Bayan kwana huɗu na dawo da sauran abokan aikina shida, uku daga cikinsu mata. Tun a mota babbarsu, wadda duk ofis muke kira Hajiya, ta gaya mini cewa ita fa babu namijin da zai taɓa mata mayafi. Ashe ba ta buƙatar faɗa, domin tsarinsa ke nan: akwai dogon madubi a gefen kyamara, sai ya tsaya daga inda yake ya ce, "Hajiya, a ɗan ja gefen hagu ya sauko," ita kuma ta gyara da kanta. Ya gaya mana yana da ma'aikaciya mace da ke zuwa wasu ranaku, wanda yake son ta kasance sai ya faɗa tun lokacin da ake sa rana. Ya canza bango zuwa mai ɗan haske saboda ɗaya daga cikinsu ta zo da hijabi mai ruwan toka wanda ya kusa sajewa da fentin, amma ya yi mana gargaɗi cewa hotonta zai bambanta da na sauran a shafin kamfani, sai ta gwammace ta ari mayafin abokiyar aikinta aka koma bangon farko. Abin da matan suka yi ƙorafi a kai, kuma suna da gaskiya, shi ne wurin canza kaya, wanda labule ne kawai aka ja a kusurwa, babu ƙofa, babu ko ƙusar rataye jaka. Wurin da yake karɓar irin kuɗin da yake karɓa ya kamata ya fi haka. Da aka kira La'asar ya dakatar da aiki, ya nuna mana masallacin da ke bakin layi, ya shimfiɗa wa matan darduma a cikin ɗakin ya fita ya ba su wuri.

Game da gyara a kwamfuta, ƙa'idarsa gajera ce, kuma da bakinsa ya faɗa kafin na tambaya: duk abin da zai tafi da kansa cikin mako biyu, kamar ƙurji ko jan ido ko ƙurar hunturu a kan hula, zai cire shi, amma abin da mutum yake yawo da shi shekara da shekaru ba ya taɓawa sai an roƙe shi. Tabona yana nan, furfurata tana nan. Wani abokin aikinmu mai zane a fuska irin na gado ya tambaya ko za a iya rage shi, sai ya ce zai iya, amma ya fara kallon hoton yadda yake tukuna. Ya kalla, ya yi shiru, ya ce a bar shi.

Wajen miƙa aiki ne ya fi ba ni haushi. Ya yi alkawarin kwana uku, sai da aka yi takwas, kuma ba shi ne ya kira ya ba da uzuri ba, ni ne na yi ta bibiya har na gano ya tafi ɗaukar wani biki a wajen gari, wanda ya nuna cewa shi ma bai tsira daga dogaro da kasuwar biki ba. Da hotunan suka zo, yaronsa ne ya turo su ta WhatsApp a matsayin hoto na yau da kullum, manhajar kuma ta matse su ta rage musu nauyi. Da ban sani ba da na tura wa masu taron haka, na sake jin kunya karo na biyu. Lissafin mai sauƙi ne: masu buga littafi suna son ɗigo 300 a kowane inci, saboda haka hoton da za a buga a inci 4 da inci 6 yana buƙatar aƙalla ɗigo 1200 da 1800. Da na yi magana ya ba da haƙuri, ya sake turo su ta imel da cikakken nauyinsu, ya kuma yanka wa kowa nasa gida uku ba tare da ƙarin kuɗi ba: na tsaye domin bugawa, mai kusurwa huɗu daidai wanda ya bar sarari a saman hula saboda LinkedIn yana yanka hoto ne ya zama da'ira, da kuma na kwance mai fili a gefe domin shafin kamfani. Babu tambarinsa a jikin ko ɗaya.

Akwai wani abu da ya faru bayan haka wanda laifina ne da nasa. Ba mu rubuta komai ba, da baki muka yi ciniki, sai kawai wata safiya ɗaya daga cikin matan ofishinmu ta ga hotonta a shafinsa na Instagram yana tallan aikinsa da shi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, maigidanta ma haka. Na kira shi, bai yi gardama ba, ya sauke cikin minti biyar, ya kuma kira ta da kansa ya nemi afuwa, amma bai kamata a kai ga haka ba. Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar sun biya kuɗi hoto ya zama nasu ta kowace fuska, alhali a Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, asalin haƙƙin yana farawa ne daga hannun wanda ya ƙirƙiri aikin, sai fa idan an yi yarjejeniyar da ta ce ba haka ba. Daga baya na zauna na rubuta rabin shafi, na bayyana cewa kamfaninmu zai yi amfani da hotunan a intanet da takardu ba tare da iyaka ba, shi kuma ba zai wallafa hoton kowa ba sai da izinin mai shi a rubuce, muka sa hannu mu biyu. Ya nemi na bar masa kwafi domin ya riƙa amfani da shi da sauran abokan cinikinsa. Ɗanyen hoton da ya fito daga kyamara kafin gyara kuwa ya ce ba ya bayarwa, kuma ban ga laifinsa a nan ba.

Kuɗinsa ba na wasa ba ne. Abin da na biya a zaman farko, wanda ya ƙunshi kusan awa ɗaya da kaya kala biyu da hotuna uku gyararru, ya yi daidai da kuɗin yadi mai matsakaicin kyau haɗe da ɗinkinsa, kuma duk hoton da aka ƙara a kan ukun yana da nasa farashi. Yana karɓar rabi kafin a sa rana, sauran kuma idan an zaɓi hotuna. Da muka zo mu da yawa ya yi mana ragi mai ma'ana ba tare da na roƙa da yawa ba. Wanda fasfo yake so domin cike fom, ko ɗalibin da zai manna hoto a takardar rajista, ba shi da dalilin hawa wannan bene, haka ma wanda yake son a mayar da shi ɗan shekara ashirin da biyar zai fito yana jin an cuce shi. Amma lauya ko likita ko malamin jami'a ko mai neman aiki a wata ƙungiya, wanda hotonsa zai riga shi isa wurin da za shi, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba, muddin ya sa ranar karɓa da tazarar mako guda kafin ranar da yake buƙata, ya kuma nemi a rubuta sharuɗɗa tun farko.

A watan jiya muka ɗauki sabon ma'aikaci, sai damuwa ta kama ni cewa hotonsa zai fita daban a cikin jerin, tunda an yi watanni da ɗaukar namu. Na buga wa mai situdiyon waya ina shirin yi masa dogon bayani, sai na ji yana buɗe takardu. Ashe yana da wani littafi mai bangon kwali da yake rubuta kowane aiki a ciki, ya karanto mini sunan ofishinmu, da bangon da aka yi amfani da shi, da ƙarfin kowace fitila, da tazarar da ke tsakanin kujera da kyamara. Ya ce yaron ya zo ranar Talata da ƙarfe tara na safe, kuma a gaya masa kada ya yi aski ranar Litinin.